Daga hatimin Bakatsine zuwa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa

1/ Masu cewa lissafi kayan Turawa ne, ku matso, ga tarihi.

2/ A 1732 wani malami ɗan Katsina, Muhammadu al-Katsinawi, ya rubuta littafi da Larabci kan hatimin lambobi: a jera lambobi a gidaje yadda duk layin da ka haɗa, tsaye, kwance ko a karkace, jimilla ɗaya ce. Gwada da 1 zuwa 9 a gida tara, ka nemi 15 ta ko'ina. A Alƙahira ya rasu, 1741.

3/ A 1988 Najeriya ta kafa Cibiyar Lissafi ta Ƙasa, tana Sheda a Kwali, Abuja. Aikinta bincike, horar da malaman lissafi da kimiyya, da shirya ɗaliban da ke wakiltarmu a gasar lissafi ta duniya.

4/ To amma fa, ribar aikin tana hannun malamin aji. In horon bai kai ga malamin Fakuwa ko Kusada ba, yaron da ke lissafin cinikin kasuwar Kankia da ka zai ci gaba da faɗuwa WAEC.

5/ Ku tambayi makarantar garinku: yaushe rabon malamin lissafinku da zuwa horo?