Wasiƙar da Voulet ya ɓoye wa hafsoshinsa

Duk shekara idan na zo darasin shigowar Nasara ƙasarmu, nakan tambayi ɗalibaina a nan Gazawa: wa ya fara kai wa gwamnatin Faransa labarin ta'asar Voulet da Chanoine? Sukan ce rahoton soja. Ni ma haka na zata sanda nake makarantar horon malamai.

Wasiƙar soyayya ce. Wani laftanan mai suna Peteau, wanda Voulet ya kora daga rundunar a farkon 1899, shi ya rubuta wa budurwarsa abin da idonsa ya gani na ƙona garuruwa da kisan bayin Allah. Takardar ta bi hannu-hannu har ta kai ga ministan mulkin mallaka, Guillain. A watan Afrilu aka ba Kanar Klobb umarni ya bi sawunsu ya karɓe ragamar rundunar. Kafin ya cim musu sun riga sun yi wa Birnin Ƙonni kaca-kaca a watan Mayu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kwanakin ƙarshe. Da Klobb ya matso, ya aiko manzanni da takarda cewa an tuɓe Voulet. Voulet ya karanta, ya mayar da amsa cewa yana da bindiga 600 kuma zai buɗe wuta, sannan ya ɓoye wa sauran hafsoshi zancen. Ya san idan suka ji babba ya zo da umarnin gwamnati, ikonsa ya ƙare. Ranar 14 ga Yuli 1899 ya sa aka harbe Klobb a Dankori, wajen Tasawa. Sai da aikin gama ya gama ya faɗa musu.

Sojojinsa baƙaƙen fata kuwa, da suka ji ba komawa gida, suka juya musu baki: Chanoine ya mutu ranar 16, Voulet ranar 17. Kaburburansu na Maijirgi har yau.

A 1902 Faransa ta rufe bincike, wai zafin ƙasarmu ne ya haukata su. Bayanin ya yi wa manya daɗi, don uban Chanoine janar ne, tsohon ministan yaƙi. Mutanen karkara da suka riƙa gudu daji tun kafin ƙurar rundunar ta bayyana, su labari bai taɓa ɓuyar musu ba, ƴan gudun hijira ke kawo shi gari-gari. Wannan shi nake sa yara su je su tambayo wajen tsofaffin gidajensu, su rubuto mini cikin littafi.