Bazel: Tarihin Birnin da Ke Kan Iyakar Ƙasashe Uku

Bazel birni ne a arewa maso yammacin Suwizalan, daidai inda iyakar ƙasar ta haɗu da ta Jamus da ta Faransa. Shi ne na uku a yawan jama'a bayan Zurik da Jeneba, kodayake mutanensa ba su kai 200,000 ba. Jamusanci suke yi, da wani karin harshe nasu na gida. Kogin Rayin ya ratsa tsakiyar garin, kuma a nan ne yake yin kwana ya miƙe arewa har ya faɗa teku a Holan. Gaɓar da tsohon gari yake ana ce mata Babban Bazel, ta tsallake kuwa Ƙaramin Bazel.

Iyaka a nan ba ta hana komai. Filin jirgin saman birnin a ƙasar Faransa yake. Ɗaya daga cikin manyan tashoshin jirgin ƙasansa hukumar jiragen Jamus ce ke tafiyar da ita, bisa yarjejeniyar 1852. Dubun-dubatar ma'aikata kan kwana a Jamus ko Faransa, su yi sammako zuwa aiki a Bazel. Tashar jiragen ruwan da ke nan kuwa ita ce ƙofar Suwizalan zuwa teku, tunda ƙasar ba ta da gaɓa.

Asali da gada

Keltawa ne suka fara zama a wurin. Kusan shekara 44 kafin haihuwar Annabi Isa Rumawa suka kafa garin Augusta Raurica, 'yar tafiya kaɗan a gabas, kuma kangonsa yana nan har yau. Sunan Basilia ya fara bayyana a rubuce a shekara ta 374, lokacin da Sarkin Rum Balentiniyan na Ɗaya ya sauka a wurin. Daga baya mulki ya koma hannun bishop-bishop, shi ya sa baƙar sandar bishop ce tambarin garin har gobe. Babbar majami'ar jan dutse da ke kan tudu a bakin kogi an keɓe ta a 1019, a gaban Sarki Henri na Biyu.

Abin da ya ɗaga Bazel gada ce. Wajen 1225 Bishop Heinrich von Thun ya sa aka gina ta, a zamanin da gadojin Rayin ba su da yawa, kuma a daidai lokacin da hanyar Gotthard ta buɗe wa fatake ratsa duwatsun Alps zuwa Italiya. Kaya suka riƙa bi ta nan, kuɗin fito na shiga, ƙungiyoyin masu sana'a suka yi ƙarfi har suka fara ja da bishop.

Ƙarni na 14 ya zo da masifa biyu. A Janairun 1349, ana cikin tsoron annoba, aka ɗora wa Yahudawan garin laifin sa guba a rijiyoyi, aka tara su a wani gidan katako a tsibirin kogi aka cinna wuta. Ranar 18 ga Oktoba 1356 kuma girgizar ƙasa da gobarar da ta biyo baya suka rusa yawancin garin. Duk da haka, zuwa 1392 birnin ya farfaɗo har ya sayi Ƙaramin Bazel da kuɗinsa.

Takarda da ɗab'i

Daga 1431 zuwa 1449 manyan malaman Cocin Katolika suka yi zaman taro a Bazel. Taron bai cimma gyaran da ya nufa ba, amma garin ya ci riba. Baƙi masu yawan rubutu suna buƙatar takarda, sai masana'antun takarda suka tsiro a bakin magudanan ruwa. Ɗaya daga cikin magatakardan taron, Enea Silvio Piccolomini, ya zama Fafaroma Pius na Biyu, shi ne kuma ya ba da izinin kafa jami'ar da aka buɗe a 1460, wadda ta girmi duk jami'o'in Suwizalan. A 1501 birnin ya shiga tarayyar Suwizalan, a 1529 kuma ya bar Katolika ya koma Furotesta.

Inda takarda da malamai suka haɗu, maɗaba'a ba ta nisa. Johann Froben ya buga Sabon Alkawari da Girkanci a 1516, wanda Erasmus ya tsara; Erasmus ɗin a Bazel ya rasu a 1536, kabarinsa na cikin babbar majami'a. A 1543 Johannes Oporinus ya fitar da littafin Vesalius kan tsarin jikin ɗan Adam, wanda ya sauya ilimin likitanci a Turai. A wannan shekarar dai maɗaba'ar tasa ta buga fassarar Alƙur'ani da Latin, wadda Robert na Ketton ya yi tun 1143. Hukumar gari ta hana aikin da farko, har ta tsare Oporinus na ɗan lokaci, sai da Martin Luther ya sa baki aka ƙyale. Kada a ɗauka don ƙauna aka yi: masu aikin sun buga ta ne don malamansu su san abin da za su yi wa raddi, fassarar kuma cike take da kurakurai. Amma ta wannan bugun ne Turawa da yawa suka fara karanta ma'anar Alƙur'ani.

Gidajen tarihi da bukukuwa

Attajiran Bazel sun yi suna wajen ɓoye dukiya a jiki da bayyana ta a gidan tarihi. A 1661 hukumar gari ta sayi tarin zane-zane da littattafan iyalin Amerbach, ciki har da ayyukan Hans Holbein, don kada a sayar da su waje. Wannan tarin ne tushen babban gidan zane-zanen birnin. A 1967 aka sake irinta: za a sayar da zanen Picasso guda biyu, sai jama'a suka jefa ƙuri'a suka amince a ɗebi faran miliyan 6 daga baitulmali, aka cike sauran da karo-karo. Abin ya burge Picasso har ya ƙara musu ayyuka huɗu kyauta. Kasuwar zane-zane ta Art Basel ta fara ci a 1970.

Bikin da ya fi shiga ran mutanen gari shi ne Fasnacht. Ƙarfe 4 na asubahin Litinin ake kashe duk fitilun tsakiyar gari, sai makaɗan ganga da masu busa sarewa, fuskokinsu a rufe, su fito ɗauke da manyan fitilu masu zane da ke yi wa 'yan siyasa shaguɓe. Awa 72 cif ake yi. UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2017. Lokacin zafi kuma mutane kan cusa tufafinsu a jakar da ruwa ba ya shiga, su faɗa Rayin ya tafi da su ta ƙarƙashin gadoji. Kwale-kwalen fito huɗu na garin ba su da inji. An ɗaure su da igiyar ƙarfe, ƙarfin ruwa ke tura su tsallake.

Daga alharini zuwa magani

A ƙarni na 16 da na 17 'yan Furotesta da aka kora daga Faransa da Italiya suka samu mafaka a Bazel, suka zo da sana'ar saƙa siraran ƙyallayen alharini da ake ƙawata riguna da huluna da su. Attajiran birni ke ba da zare, masaƙan ƙauye na yin aikin a gidajensu. Wannan zaman na maigida da bara bai ɗore lafiya ba: mutanen ƙauye suka nemi daidaito a majalisa, aka gwabza, a 1833 jihar Bazel ta rabu biyu. Birnin ya rasa gonakinsa, ya rage da kasuwanci da sana'a kawai.

Masaƙi dai ba ya rabuwa da marini. Gidan Geigy ya fara cinikin kayan rini da magunguna a 1758. A 1859 Alexander Clavel ya soma haɗa rinin zamani na sinadari, daga masana'antarsa kuma Ciba ta fito. Abin da ya taimaka shi ne Suwizalan ba ta da dokar kare haƙƙin ƙirƙirar sinadarai sai 1907, don haka abin da doka ta hana a kwaikwaya a Faransa ana iya yin sa a Bazel, ga kogi yana kwashe dattin. Sandoz ta zo a 1886, Roche a 1896. Da ilimin sinadaran rini aka gangaro kan magani. Ciba da Geigy suka haɗe a 1970, suka sake haɗewa da Sandoz a 1996 aka samu Novartis, mai yin Coartem, maganin zazzaɓin cizon sauro da aka sani a asibitocinmu. Kogin ya biya kuɗin wannan arziki: ranar 1 ga Nuwamba 1986 rumbun sinadaran Sandoz ya kama wuta a Schweizerhalle, ruwan kashe gobarar ya kwarara cikin Rayin, kifaye suka mutu har can cikin Jamus.

Sunan garin ya iso Afirka ta wasu hanyoyin ma. Ƙungiyar mishan ta Bazel, da aka kafa a 1815, ta isa ƙasar da yanzu ake kira Ghana a 1828, kuma daga reshen cinikinta kamfanin UTC ya samo asali. Yarjejeniyar Bazel ta 1989, mai taƙaita jigilar shara mai guba tsakanin ƙasashe, ta biyo bayan badaƙala irin ta Koko a Najeriya, inda aka jibge gangunan guba daga Italiya a 1988. Ma'aikatan banki kuwa sun san ƙa'idojin Bazel kan jarin da dole banki ya ajiye, waɗanda ake tsarawa a Bankin BIS da ke garin tun 1930.

Yau kamfanonin magani biyu, Roche da Novartis, su ne ke ɗauke da kaso mai yawa na harajin birnin da ayyukan yinsa, wanda arziki ne kuma haɗari ne ga gari ƙarami. Dogayen benayen Roche sun shanye hasumiyoyin majami'a, abin da har yanzu wasu 'yan gari ba su yafe ba. Na farkon, mai tsawon mita 178, an gama shi a 2015. Na biyun, mai mita 205, a 2022, kuma shi ne gini mafi tsawo da ake aiki a cikinsa a duk Suwizalan.