Gadon Gida: Tarihin Ƙungiyar Sofbol ta Mata ta Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles

Gabatarwa

A cikin wannan maƙala za mu bi tarihin ƙungiyar sofbol ta mata ta Jami'ar Kalifoniya da ke birnin Los Angeles, wadda aka fi sani da UCLA, domin mu ga yadda aka yi ta zarce tsararrakinta a ƙasar Amurka. Abin da zai fi ɗaukar hankalin mai karatu shi ne, daga kafuwarta a 1975 har zuwa 2025, watau shekara hamsin, mata uku ne kacal suka shugabanci horar da ita, biyu na baya kuwa a hannun ta farko suka yi wasa. Amma da yake wasan baƙo ne a wajenmu, ya kyautu a fara da bayaninsa.

Yadda Wasan Yake

An ƙago sofbol a birnin Shikago cikin 1887, daga wasan besbol. Kowane ɓangare yana da 'yan wasa tara a fili. Akwai zango huɗu da aka jera kusurwa-kusurwa, tsakanin kowane da na gabansa ƙafa 60. Mai jifa takan wurga ƙwallo ta ƙarƙashin kafaɗa bayan ta wulwula hannu, mai bugu kuma ta yi ƙoƙarin make shi da sanda, sa'an nan ta sheƙa tana bin zangunan. Wadda duk ta kewayo ta komo inda ta tashi, ta ci maki ɗaya. In aka fitar da masu bugu uku, sai a yi musanya, masu tsaron fili su karɓi sanda. Turmi bakwai ake yi, in an yi kunnen doki a ƙara. Ko da yake sunan wasan yana nufin ƙwallo mai taushi, ƙwallon ba shi da taushi ko kaɗan. A shekarun da za mu fi yin magana a kansu maki yana da tsada ƙwarai, har akan tashi wasa ɗaya da nema, saboda haka ƙungiyar da ta mallaki gwanar jifa ta riga ta yi rabin aiki.

Doka da Kuɗi

Kafin 1972 wasannin mata a jami'o'in Amurka 'yan rakiya ne. Kuɗi da filaye da tallafin karatu, watau sukolashif, kusan duk na maza ne. A cikin watan Yuni na wannan shekara Shugaba Nixon ya sa hannu a kan wata dokar ilimi wadda babinta na tara ya hana nuna bambanci tsakanin mace da namiji a kowace makaranta mai karɓar kuɗin gwamnatin tarayya. Babin bai ambaci wasanni ba, amma a fagen wasanni aka fi jin tasirinsa. Hukumar da ke kula da wasannin mata na jami'o'i a lokacin, AIAW, da fari ta haramta ba ɗaliba sukolashif don wasa, tana gudun kada kuɗi ya ɓata al'amarin kamar yadda ya ɓata na maza. Sai a 1973, bayan an kai ta ƙara kotu, ta janye haramcin.

A cikin wannan yanayi ne UCLA ta kafa ƙungiyarta, ta danƙa ta ga Sharron Backus, tsohuwar 'yar wasa da ta yi suna a wata ƙungiya mai suna Raybestos Brakettes. Ɗalibar da aka fara ba sukolashif na sofbol a jami'ar ita ce Sue Enquist. A 1978, a birnin Omaha, ƙungiyar ta ci kofin ƙasa na farko, ta yi wasa biyar ba wanda ya ci ta ko maki ɗaya, ta gama da Jami'ar Arewacin Kolorado da ci 3 da nema. Enquist tana ajiye sanda ba ta yi nisa ba, a 1980 ta koma mataimakiyar malamarta.

Zamanin Backus

A 1982 babbar hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, wadda a da maza kaɗai ta sani, ta shiga shirya gasar sofbol ta mata, ba da jimawa ba kuwa AIAW ta rushe. UCLA ce ta ɗauki kofin sofbol na farko a ƙarƙashin NCAA, inda ta doke Fresno State da ci 2 da nema bayan an kai turmi na takwas. Mai jifarta a lokacin, Debbie Doom, ita ce kuma ginshiƙin kofunan 1984 da 1985. Daga nan aka jera uku, 1988 da 1989 da 1990. Tun 1989 aka ɗaga Enquist ta zama daidai da Backus a shugabanci, abin da ba kasafai yake ɗorewa ba, don an san sarki biyu ba su zama gari ɗaya. Su kuwa suka yi shekara takwas a haka.

A ganinmu ƙungiyar 1992 ita ce ƙololuwa. Ta ci wasa 54, aka ci ta 2. Mai jifarta Lisa Fernandez ta ci wasa 29 ba a kayar da ita ko sau ɗaya ba, mai cafe mata ƙwallo kuwa ita ce ƙawarta tun ta ƙuruciya, Kelly Inouye, wadda za mu sake haɗuwa da ita a gaba. A wasan ƙarshe sun doke Jami'ar Arizona da ci 2 da nema. Da shekara ta kewayo Arizona ta rama: bugu ɗaya tak 'yan wasanta suka samu a hannun Fernandez duk tsawon wasan, wannan bugun ne kuma ya ba su kofi da ci 1 da nema. Daga 1988 zuwa 1997 kofin bai fita daga hannun waɗannan jami'o'i biyu ba.

Kofin da Aka Ƙwace

Sukolashif ɗin da ya gina ƙungiyar shi ne kuma ya jawo mata abin kunya. Cikin 1995, ana tsakiyar kakar wasa, wata gwanar jifa 'yar Ostareliya, Tanya Harding, ta shiga jami'ar. Ta jagoranci ƙungiyar ta doke Arizona da ci 4 da 2, aka zaɓe ta gwanar gasa, sa'an nan bayan 'yan kwanaki ta koma ƙasarsu. Jaridu suka yi ca, suna tambaya ko ɗaliba ce ko kuwa 'yar haya. Amma laifin da bincike ya tabbatar wani ne dabam. A lokacin NCAA ta ƙayyade yawan sukolashif da kowane wasa zai bayar, sai aka gano cewa an ba waɗansu 'yan sofbol na ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta mata, watau an zarce ƙa'ida ta bayan gida. A 1997 aka soke kofin 1995, aka kuma hana ƙungiyar shiga gasar ƙasa ta 1998. Ba a miƙa wa Arizona kofin ba. Gurbin shekarar haka nan aka bar shi a littafin hukumar. Backus ta yi murabus a farkon 1997.

Tsoron da matan AIAW suka ji a farkon al'amari ashe ba na banza ba ne. Sai dai kuma in da an bi shawararsu, da 'ya'yan marasa hali da yawa ba su taka harabar jami'a ba.

Almajirai Sun Gaji Malama

Jami'ar ba ta ɗauko baƙuwa don share gida ba, ta bar wa Enquist ragama ita kaɗai, ko da yake da ita aka yi shugabanci a lokacin da abin ya faru. Ana iya jayayya a kan dacewar haka, amma sakamakonsa a fili yake. Shekarar da takunkumi ya ƙare, watau 1999, ƙungiyar ta ci wasa 63 ta ɗauki kofi a kan Jami'ar Washington. Ta ƙara a 2003, inda Keira Goerl ta yi turmi tara tana jifa a wasan ƙarshe ba a sami bugu ko ɗaya a kanta ba, sa'an nan ta maimaita a 2004. Enquist ta sauka a 2006 da hannunta a cikin kofi 11, ɗaya tana 'yar wasa, sauran tana horarwa.

A waɗannan shekaru ne kuma aka shigar da sofbol cikin wasannin Olimfik. A wasannin Atlanta, cikin 1996, wata tsohuwar ɗalibar UCLA, Dot Richardson, likitar ƙashi, ita ta yi bugun da ya taimaki Amurka ta doke ƙasar Sin da ci 3 da 1 a wasan ƙarshe. Fernandez ta sami zinariya sau uku, a 1996 da 2000 da 2004.

Wadda ta gaji Enquist a 2007 ita ce mai cafe ƙwallon nan ta 1992, wadda bayan aure ake kira Kelly Inouye-Perez, ta kuwa riga ta yi shekara 13 tana mataimakiya. Fernandez ta zauna a gefenta cikin masu horarwa, kamar yadda suka saba tun suna yara. Sun ci kofi a 2010 a kan Arizona, suka sake ci a 2019 a kan Jami'ar Oklahoma, da jifar Rachel Garcia. Da wannan kofunan NCAA na ƙungiyar suka cika 12, ban da na 1978, ban da kuma wanda aka soke.

Tazarar da ke tsakanin kofunan baya-bayan nan tana nuna yadda fagen ya sake. Jami'o'in kudanci da na tsakiyar ƙasar sun zuba kuɗi a wasan, 'yan matan Kalifoniya da a da ba su da wurin zuwa sai maƙwabta suka sami masu zawarcinsu ko'ina. Oklahoma ta jera kofi huɗu daga 2021 zuwa 2024, abin da UCLA ba ta taɓa yi ba, ta kai takwas, daidai da Arizona. A 2024 ɗin ne kuma rukunin jami'o'in yamma da ya haɗa UCLA da Arizona ya watse saboda kuɗin talabijin na wasannin maza, UCLA ta shiga rukunin Big Ten, Arizona ta nufi Big 12.