Daga Juji Zuwa Gona: Yadda Sharar Gari Ke Raya Ƙasar Noma

Garin Jiwa yana cikin Ƙaramar Hukumar Birnin Abuja, kusa da Gwagwa, Karmo da Dei-Dei. Tun daga 1991, lokacin da aka dawo da fadar gwamnatin tarayya Abuja, gine-gine ke cin gonakin wannan yanki. Manomin da a da yake barin gona ta huta shekara biyu ko uku, yanzu dole ya noma fili ɗaya kowace damina. A ɓangare guda kuma, birnin yana fitar da shara mai ɗimbin yawa, wadda ake kai kaso mai tsoka nata babban jujin Gosa da ke yankin Idu, ƙarƙashin kulawar Hukumar Kare Muhalli ta Abuja. Gajiyar ƙasa da tarin shara matsaloli biyu ne, amma kowace tana iya zama maganin 'yar uwarta.

Me ke gajiyar da ƙasa?

Duk amfanin gonar da aka girbe yana tafiya da wani ɓangare na abincin ƙasa, musamman sinadaran naitirojin, fosforas da fotashiyam. Idan aka kwashe kara da harawa, ko aka cinna wa gona wuta, ruɓaɓɓen ganye da ke riƙe danshi yana ƙarewa. Daga nan ƙasa sai ta daskare, ruwan sama ya kasa shiga, ya riƙa gudu yana wanke samanta. A yankin Abuja, inda damina ke kamawa daga Afrilu zuwa Oktoba da ruwa mai ƙarfi, irin wannan zaizaya ba ta ɗaukar lokaci. Rahoton Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2015 ya nuna cewa kusan kashi 33 cikin 100 na ƙasar duniya ta riga ta lalace.

Takin zamani yana mayar da sinadarai, amma ba ya gyara jikin ƙasa. A taron Abuja na 2006, shugabannin Afirka sun ƙudurta ɗaga yawan takin da ake zubawa daga kilo 8 zuwa kilo 50 a kowace hekta. Da aka sake haɗuwa a Nairobi a watan Mayun 2024, sai aka haɗa batun taki da lafiyar ƙasa, domin an fahimci cewa gonar da ba ta da ruɓaɓɓen abu ba ta cin moriyar buhun taki yadda ya kamata.

Darasi daga Kano

Amfani da sharar gari a gona tsohuwar al'ada ce a ƙasar Hausa. Manoman ƙauyukan da ke kewaye da birnin Kano sun daɗe suna noma gonakinsu kowace shekara ba tare da hutu ba. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya yi bincike a yankin tun cikin shekarun 1960, ya bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace a lokacin rani, su komo da mangala cike da taki. Wannan taki cakuɗe ne na toka, kashin awaki da tumaki, da sharar tsakar gida. Ana jibge shi tuli-tuli a gona, a baza shi gab da faɗuwar damina. Daga baya tifofi suka karɓi yawancin aikin jakunan.

A Jamhuriyar Nijar ma akwai makamancin haka. Manoman yankin Tawa suna haƙa ƙananan ramuka da ake kira tassa a kan ƙeƙasasshiyar ƙasa, su zuba taki a ciki. Gara takan biyo takin ta huda ƙasa, ruwa ya samu hanyar shiga. Wannan ce dabarar da marigayi Yacouba Sawadogo na Burkina Faso ya shahara da ita. A Maraɗi kuwa, tun daga shekarun 1980 manoma suka koma barin kututturan bishiyoyi irin su gawo su sake tofowa a cikin gona, ganyensu ya zama taki, saiwoyinsu su riƙe ƙasa.

Rawar 'yan jari bola

Sharar yau ba irin ta da ba ce. Ta cika da leda, robobi, kwalabe, gwangwanaye da matattun batura. Duk da haka, rahoton Bankin Duniya na 2018 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganyaye, wato abin da zai iya zama taki. Aikin da ya rage shi ne tacewa.

A Nijeriya, yawancin wannan tacewa 'yan jari bola ne ke yin ta. Suna tsince ƙarfe, alminiyam, tagulla, robobi da kwali, su sayar wa dillalai a kan kilo, dillalai su tara su tura masana'antu. Ta haka dubban matasa ke samun abin kai wa bakin salati, juji kuma yana raguwa ba tare da gwamnati ta biya su ba. Sai dai mai tsinta yana ɗaukar abin da ke da farashi ne kawai. Leda mai datti, fasassun kwalabe da ƙananan batura sukan zauna a cikin sharar, kuma su ne ke ƙarewa a gona.

Sana'ar tana da nata tabon. Saboda yawaitar satar murafan magudanan ruwa da wayoyin lantarki, a watan Janairun 2025 hukumomin Babban Birnin Tarayya suka hana yawon jari bola a cikin birni, suka taƙaita shi ga jujin da ke bayan gari, suka kuma rufe kasuwannin fanteka na mako biyu domin tantance masu sana'ar. Wasu ƙasashe sun bi ta hanyar rajista. Brazil ta amince da tsintar shara a matsayin sana'a a 2002, sannan dokar shara ta 2010 ta ba ƙungiyoyin masu tsinta gurbi a tsarin kwashe shara na birane.

Haɗarin ɗanyar shara

Leda ba ta ruɓewa. Tana tare saiwa, tana hana ruwa ratsa ƙasa, dabbar da ta haɗiye ta kuma tana iya mutuwa. Batura da tarkacen kayan lantarki suna ɗauke da dalma da wasu ƙarafa masu guba, waɗanda ke daɗewa a ƙasa, kayan lambu irin su alayyafo da latas su zuƙe su. Sharar asibiti da bayan gida suna yaɗa cututtuka. Ƙona shara kafin a zuba ta, kamar yadda wasu ke yi, yana lalata naitirojin, hayaƙin roba kuma yana cutar da huhu.

Yadda ake sarrafa ta

Matakin farko shi ne a ware abin da ke ruɓewa tun daga gida ko kasuwa, kafin ya gauraya da sauran tarkace. Sharar kasuwar kayan gwari da ta kara ta fi ta babban juji tsabta. Ana jera ta hawa-hawa da busasshiyar ciyawa, kashin dabbobi da 'yar toka, a yayyafa ruwa daidai danshi, a riƙa juyawa bayan mako biyu-biyu. Zafin da tulin ke yi, wanda kan haura digiri 55, yana kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa. Cikin wata biyu zuwa uku takin yakan nuna, ya yi baƙi, ya daina wari.

Taki kaɗai ba ya tsayar da zaizaya. Ana haɗa shi da yin kunya a gicciye da gangare, da barin kara ya rufe gona, da surka hatsi da wake ko gyaɗa. Shirin ACReSAL, wanda Bankin Duniya ya amince da ba shi rancen dala miliyan 700 a 2021, yana aikin farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Babban Birnin Tarayya. Ga manoman Jiwa da makamantansu da ke gefen birni, albarkatun takin suna kusa da su. Abin da zai sa su amfana shi ne a samu tsarin da zai biya mai tace shara a kan tsabtataccen taki, kamar yadda ake biyansa a kan ƙarfe.