Finafinan "Chanis" da Rufe Gidajen Sinima a Gusau

A bakin Bahaushe mai zuwa sinima, duk fim ɗin da aka ga mutanen Gabas Mai Nisa suna sara da suka sunansa "Chanis", ko daga Hankon ya fito ko daga Japan. Amma asalinsu ba ɗaya ba ne. A Japan akwai finafinan yakuza, wato ƙungiyoyin 'yan ta'adda masu shugabanni da mubaya'a. A shekarar 1973 Kinji Fukasaku ya fitar da fim a kan yaƙin yakuza na Hiroshima, inda ya tuɓe musu rigar jarumta, ya nuna cin amana da jini tsirara. A shekarar ce kuma kamfanin Toei ya yi fim a kan shugaban ƙungiyar Yamaguchi-gumi, har 'yan sanda suka binciki kamfanin bisa zargin cewa kuɗin fim na shiga aljihun 'yan ta'adda. Wato gardamar can a kan abin da ke cikin fim take, da kuma wanda ke cin moriyarsa.

A ƙasar Hausa kuwa, gardamar ta fi karkata ga wurin kallo. Tun da gidan sinima na El Duniya ya ƙone a Kano a 1951, mutum 331 suka rasu, jama'a da dama suka ɗauki abin ishara ce. Da finafinan Bruce Lee suka cika gari bayan 1973, iyaye da malamai suka riƙa danganta su da ɗabi'un 'yan daba, alhali daba ta girmi waɗannan finafinai, domin tushenta yana cikin farauta da tauri da bangar siyasa.

Wannan tsohuwar ƙiyayya ita ta kai gaɓa a Gusau. Ran 27 ga Oktoba 1999 Gwamna Ahmad Sani ya ƙaddamar da Shari'a a Jihar Zamfara, aka kuma rufe gidajen sinima. Sai dai an rufe ƙofa bayan ɓarawo ya shiga. Kaset ɗin bidiyo da janareta sun riga sun fitar da fim daga birni zuwa garuruwa irin su Tsafe da Bungudu da Rawayya, daga bisani wayar hannu ta sa shi a aljihun yaro. A gidan sinima akwai mai tsaron ƙofa da lokacin tashi. A ɗaki kuwa babu ko ɗaya, sai idon mahaifi in ya waiwayo.