Ganuwar Haɗejiya, Garin Da Ba Shi Da Dutse

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwana matasa, duk wanda Allah ya nufa da ziyartar birnin Alƙahira, da wuya ya dawo bai hau Ƙal'ar Salahuddin ba. Sarki Salahuddin al-Ayyubi ya soma gina ta a shekarar 1176 a gefen dutsen Muƙaɗɗam, aka fafe dutsen aka haƙa rijiya mai zurfin kusan mita 90, don kada ƙishirwa ta ci mutanen ciki ranar da aka yi musu ƙawanya. Daga nan aka mulki Misra kusan shekara 700.

Mu a Haɗejiya Allah bai ba mu dutse ba. Fadama ya ba mu, da kogi mai cika ya batse da damina har ya tare wa doki hanya. Saboda haka magabatanmu suka gina dutsensu da hannunsu, wato ganuwa ta ƙasa. Sarki Sambo, wanda ya hau a 1808, shi ya faɗaɗa ta bayan jihadi. Da ita ɗansa Buhari ya jingina lokacin da ya bijire wa Sakkwato, har rasuwarsa a 1863. Wannan babi ne mai ɗaci, domin Musulmi ne ke zubar da jinin Musulmi, kuma ban ga amfanin lulluɓe shi ba.

Sai Nasara suka zo. Kano da Sakkwato suka faɗi a 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya zaɓi hijira, aka cim masa a Burmi ya yi shahada. Haɗejiya kuwa sai da ta ƙara shekara uku. Ran 25 ga Afrilu, 1906, rundunar Ingila ta iso da igwa da bindiga mai ruwa. An gina ganuwar ne domin doki da kibiya, ba domin wannan ba. Sarki Muhammadu ya san abin da ya sami Kano mai ganuwar da ta fi tasa, amma bai fita ba, bai kuma miƙa wuya ba. Aka gwabza cikin lungunan gari har zuwa gidan sarki, inda aka kashe shi tare da jama'a masu yawa. Har gobe Mai Shahada muke kiransa.

Yau gidaje da ruwan sama sun cinye mafi yawan ganuwar. Idan kun shigo garin, ku nemi dattijo ya nuna muku inda ta bi, ku tsaya ku yi wa shahidan addu'a.

Allah ya jiƙansu da rahama, amin.