Kamfanin Peugeot na Kaduna: Tarihin Kafuwa da Bunƙasarsa

An kafa kamfanin haɗa motoci na Peugeot, wanda aka fi sani da PAN, a watan Disamba na 1972 bisa haɗin gwiwa tsakanin gwamnatin tarayya da uwar kamfanin da ke Faransa, sannan Janar Yakubu Gowon ya buɗe masana'antarsa a unguwar Kakuri ta Kaduna a 1975, a lokacin da arzikin man fetur ya ba hukumomi ƙwarin gwiwar dasa irin waɗannan masana'antu a Legas da Bauci da Kano da Inugu. Aikin kamfanin shi ne haɗawa, wato a kawo sassan mota a warwatse, ma'aikata 'yan ƙasa su harhaɗa su, kuma a shekarun farko ta jirgin sama ake jigilar sassan daga Faransa zuwa Kano kafin a wuce da su Kaduna.

Zamanin da kamfanin ya fi tashe shi ne daga ƙarshen shekarun 1970 zuwa farkon shekarun 1980, sa'ad da Fijo 504 ta zama motar gwamnati, ta kuma zama abin dogaron direbobin haya. A wancan lokaci, a ƙasar Gumel, doguwar 504 ce ke ɗebo fasinja daga Kano, yayin da a-kori-kura ke shiga rairayin Gagarawa da Sule Tankarkar ta fito da gero da riɗi zuwa kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, kuma idan Fijo ta lalace, bakaniken gefen tasha ya san ta ciki da bai, domin kayan gyaranta ba su da wuyar samu.

Faɗuwar darajar naira bayan 1986 ta sa sabuwar mota ta gagari ma'aikaci, kasuwa ta koma hannun 'yan Kwatano, wato tsofaffin motocin Turai da ake shigowa da su ta maƙwabtan ƙasashe. An sayar da kamfanin ga 'yan kasuwa a 2006, hukumar AMCON ta karɓe shi a 2012 saboda bashi, amma duk da haka bai rufe ba.

Garin kan iyaka irin Maigatari, wanda ke hulɗa da Damagaram kullum, kasuwa ce a shirye ga motar gida. Ya kamata gwamnatocin Arewa su fara sayen motocin da aka haɗa a Kaduna kafin su nemi na waje.